Daga Tsutsa Zuwa Ɗigon Jini: Tarihin Maikro-RNA da Neman Alamun Ciwon Dajin Kayan Ciki

Maikro-RNA gajerun zaruruwa ne na sinadarin RNA, tsawon kowannensu kimanin haruffan gado 22, waɗanda ƙwayoyin halittar mutum da na dabbobi da tsirrai ke ƙerawa domin daidaita yawan furotin da ake sarrafawa a cikinsu. Kafin shekarar 1993 babu wanda ya san da su. Yanzu an san fiye da dubu ɗaya a jikin ɗan Adam, kuma tun farkon ƙarni na 21 masu bincike ke ta ƙoƙarin mayar da su manuniya, wato abin da za a auna a jini ko a bahaya ya nuna cewa ciwon daji ya fara kama hanji, tumbi, hanta, maƙoshi ko fankiriyas tun mai shi bai fara jin komai ba.

Dalilin neman manuniya

Cututtukan dajin kayan ciki suna ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na dukkan sababbin masu kamuwa da ciwon daji a duniya, da kimanin kashi ɗaya bisa uku na waɗanda yake kashewa. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta nuna cewa a 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka kamu da na babban hanji, sama da 960,000 da na tumbi, sama da 860,000 da na hanta. Na fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai fitar da insulin, da na maƙoshi, kowannensu ya kama kimanin mutum rabin miliyan.

Abin da ya haɗa waɗannan cututtuka shi ne ɓoyon kai. Ƙari yana iya shekaru yana girma a bangon hanji ko a cikin hanta ba tare da wani ciwo ba. Sai ya toshe hanya, ko ya fara zubar da jini, ko mutum ya rame ido ya yi ɗorawa, sannan a nufi asibiti, a lokacin kuwa sau da yawa ya riga ya bazu. Bambancin da ke tsakanin gano shi da wuri da gano shi a makare ba kaɗan ba ne. A Amurka, kusan tara cikin goma na waɗanda aka gano dajin hanjinsu tun bai fita daga inda ya tsiro ba suna raye bayan shekara biyar, amma idan ya kai ga gaɓoɓi masu nisa, adadin bai kai biyu cikin goma ba.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a zura na'ura mai kyamara ta baki ko ta dubura a leƙa ciki, a yanko ɗan nama a duba. Aikin yana da tsada, yana bukatar ƙwararre, kuma mutane da yawa suna gudunsa. Shi ya sa tun shekarun 1960 ake neman abin da gwajin jini kaɗai zai bayyana. A 1963 Garri Abelev na Tarayyar Sobiyet ya gano furotin AFP a jinin ɓerayen da ke da dajin hanta, shekara guda bayan haka Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane. A 1965 Phil Gold da Samuel Freedman a Montreal ta Kanada suka gano CEA a dajin hanji. A 1979 ayarin Hilary Koprowski a Philadelphia ya fito da abin da ake kira CA 19-9, wanda daga baya aka fi danganta shi da fankiriyas. Har yau ana amfani da su ukun, sai dai kowanne da rauninsa. Kusan kashi ɗaya bisa uku na masu dajin hanta AFP ɗinsu ba ya hawa. CEA ya fi amfani wajen bibiyar wanda aka yi wa tiyata, ba ya kama cutar tun tana ƙarama. CA 19-9 yana hawa ko da tsakuwa ce ta toshe hanyar ɗaci, sannan mutum biyar zuwa goma cikin ɗari jikinsu ba ya ƙera shi sam. Wannan gibi ne maikro-RNA ya zo ya tarar.

Tsutsar da aka fara da ita

Labarin ya faro ne nesa da gadon asibiti, a jikin wata tsutsa mai suna Caenorhabditis elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a Cambridge ta Ingila a shekarun 1960 saboda jikinta garau yake, ana hango kowace ƙwayar halitta a ƙarƙashin madubin bincike, ga shi tana balaga cikin kwana uku. Kafin ta balaga tana bin matakai huɗu, kuma a kowane mataki akwai ƙwayoyin da ya kamata su rabu a kan tsari sananne.

A farkon shekarun 1980 wasu matasa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suka haɗu a ɗakin binciken Robert Horvitz a cibiyar MIT da ke jihar Massachusetts. Hankalinsu ya tafi ga tsutsotsi iri biyu da lokaci ya rikice musu. Wadda ƙwayar gadonta mai suna lin-4 ta lalace takan yi ta maimaita aikin matakin farko, har ta girma ba ta da ƙofar fitar da ƙwai. Wadda kuma lin-14 ta lalace takan tsallake matakin farkon gaba ɗaya. An fahimci cewa lin-4 ce ke danne lin-14 idan lokaci ya yi, amma yadda take yin hakan ya gagari kowa.

Fahimtar da ake da ita a lokacin ita ce: bayanin gado yana ajiye a DNA, ana kwafo shi zuwa RNA ɗan aike, shi kuma ya kai saƙon inda ake ƙera furotin. Duk wata ƙwayar gado mai iko da wata, ana ɗauka ta hanyar furotin take yi. Da Ambros ya buɗe nasa ɗakin binciken a Harvard, Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka shafe shekaru suna taƙaita yankin da lin-4 take, har suka ga cewa ba ta ƙera furotin ko kaɗan. Abin da take fitarwa RNA ne guda biyu, ɗaya mai haruffa 61, ɗaya mai 22. A ɓangarensa Ruvkun, a babban asibitin Massachusetts, ya gano cewa ana danne lin-14 ne ta wutsiyar ɗan aikenta, sashen da ba a karantawa zuwa furotin. Ranar 11 ga Yuni 1992 su biyun suka gwama jerin haruffan da kowannensu ya samu, sai ga gajeren zaren lin-4 ya yi daidai da wurare da dama a wutsiyar lin-14, yana iya manne musu. A Disamba 1993 mujallar Cell ta buga rahotannin biyu a fitowa ɗaya.

Duniyar kimiyya ba ta girgiza ba. Galibi an ɗauki abin a matsayin wata al'ajabin tsutsa da ba ta shafi sauran halittu ba, domin an nemi lin-4 a wasu dabbobi ba a gan ta ba. Haka aka yi shekara bakwai.

Ƙofa ta buɗe

A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna, a jikin wannan tsutsar dai, cewa RNA mai zare biyu yana iya rufe bakin ƙwayar gado, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 2006. Wannan ya sa aka fara kallon ƙananan RNA da idon basira. A farkon 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, mai haruffa 21, wanda ke kai tsutsa daga ƙuruciya zuwa balaga. Kafin shekarar ta ƙare, Amy Pasquinelli da abokan aikinta a ɗakin suka nuna cewa let-7 yana nan kusan ba canji a ƙuda, da kifi, da dodon koɗi, da mutum. Abin da ya daɗe haka a cikin halittu ba zai zama na banza ba.

A Oktoba 2001 mujallar Science ta buga rahotanni uku tare, daga Thomas Tuschl a Jamus, David Bartel a MIT, da Ambros wanda a lokacin ya koma Dartmouth. Sun kawo sababbi kusan ɗari, kuma a nan aka raɗa musu sunan maikro-RNA, ana bin su da lamba: miR-1, miR-21, da sauransu. A 2002 Sam Griffiths-Jones ya buɗe rajistarsu a cibiyar Sanger ta Ingila, wadda ta zama miRBase. Fitowarta ta 2018 ta lissafa tushe 1,917 a jikin mutum, ko da yake masana suna ganin ba duka ne na haƙiƙa ba.

Cikin 'yan shekaru aka warware yadda ake ƙera su. Ana fara kwafo dogon zare a cibiyar ƙwayar halitta, ya naɗe kansa gida biyu. Wani furotin mai suna Drosha, wanda Narry Kim ta jami'ar Seoul a Koriya ta Kudu ta bayyana aikinsa a 2003, ya yanko naɗin. A fitar da shi waje, wani furotin mai suna Dicer ya ƙara datse shi, sannan a ɗora zare ɗaya a kan furotin Argonaute. Haruffa na 2 zuwa na 8 su ne ke neman abokin haɗinsu a jikin RNA ɗan aike. Idan sun samu, sai a rage karanta saƙon ko a gaggauta rushe shi. Galibi tasirin kamar na mai rage lagwanin fitila ne, haske ya ragu ba tare da an hure ta ba. Maikro-RNA guda yana iya taɓa ɗaruruwan saƙonni, kuma an ƙiyasta cewa fiye da rabin ƙwayoyin gadon mutum masu ƙera furotin suna ƙarƙashin irin wannan iko.

Haɗuwa da ciwon daji

Ciwon daji asalinsa lalacewar tsarin rabuwa da mutuwar ƙwayoyin halitta ne, saboda haka ba a daɗe ba aka ga hannun maikro-RNA a ciki. A Philadelphia, Carlo Croce da George Calin sun daɗe suna neman ƙwayar gadon da ke ɓacewa a kuromosom na 13 a wani nau'in dajin jini. Sun tona yankin ba su ga mai ƙera furotin da za a ɗora wa laifi ba. A 2002 suka gano cewa miR-15 da miR-16 ne ke wurin, kuma sun ɓace ko sun ragu a kusan kashi biyu bisa uku na majinyatan.

Kayan ciki suka biyo baya nan da nan. A 2003 Michael Michael da abokan aikinsa a Adelaide ta Ostareliya suka nuna cewa miR-143 da miR-145 suna raguwa a dajin babban hanji, har ma a tsiron da bai riga ya rikiɗe ya zama daji ba. A 2005 ayarin Todd Golub a Boston ya auna maikro-RNA 217 a samfura 334, ya ga cewa tsarin hawa da saukarsu yana nuna gaɓar da ƙari ya fito, har a ƙarin da kamanninsa suka ɓace wa mai duba shi a madubi. Gaɓoɓin kayan ciki kuwa sun taru a rukuni guda, kasancewar tushensu ɗaya tun a mahaifa. A 2006 Stefano Volinia da Croce suka duba samfura 540 na nono, huhu, tumbi, hanji, fankiriyas da mafitsarar maza, suka tarar miR-21 ya hau a dukkansu. Daga baya aka fahimci dalili: yana danne wasu furotin masu taka wa ƙari birki, irin su PTEN da PDCD4.

Wani abu da ya saukaƙa aikin shi ne ƙanƙantarsu. Naman da aka yanko a tiyata aka adana cikin kakin farafin, dogon RNA ɗinsa yakan ruɓe, amma maikro-RNA yana nan shekaru. Wannan ya ba da damar komawa ga tsofaffin samfuran majinyatan da aka riga aka san makomarsu. A 2007 Mark Bloomston a jihar Ohio ya nuna cewa ana iya bambance dajin fankiriyas da daɗaɗɗen kumburinta ta wannan hanya. A 2008 Aaron Schetter da Curtis Harris na cibiyar ciwon daji ta Amurka suka duba majinyata 84 a Maryland da 113 a Hong Kong, suka ga cewa waɗanda miR-21 ya yi yawa a ƙarin hanjinsu sun fi saurin mutuwa. A 2009 wani bincike daga cibiyar, tare da likitocin Sin, ya nuna cewa masu dajin hanta da miR-26 ya yi ƙasa a ƙarinsu ba sa daɗewa, amma su ne suka fi amfana da maganin intaferon.

Shekarar 2008: an same su a jini

Duk waɗannan suna bukatar a yanko nama. Ba a cika tsammanin samun RNA lafiyayye a jini ba, domin jini cike yake da sinadaran da ke narkar da shi cikin daƙiƙoƙi. A 2007 ayarin Jan Lötvall a Gothenburg ta Suwidin ya nuna cewa ƙwayoyin halitta suna fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunsoshi, eksosom, ɗauke da maikro-RNA zuwa wasu ƙwayoyin. A shekarar da ta biyo ƙungiyoyi uku suka ba da rahoto kusan lokaci guda: Charles Lawrie a Oxford, Muneesh Tewari a Seattle, da Chen-Yu Zhang a Nanjing ta Sin.

Mutanen Seattle sun bar ruwan jini a ɗaki har awa 24, sun daskarar da shi sun narkar sau takwas, maikro-RNA ɗin da ke ciki bai ragu ba, alhali wanda aka ƙera a ɗakin gwaji aka zuba tsirara nan take ya narke. Sun dasa dajin mutum a jikin ɓera, sai ga maikro-RNA na mutum a jinin ɓeran. Mutanen Nanjing har tafasa samfuran suka yi, suka saka su a ruwa mai tsami da mai kanwa, kuma suka nuna cewa tsarin da ke jinin masu dajin hanji ya bambanta da na masu lafiya. A 2011 aka gano sirrin kariyar: yawancinsu suna yawo ne rungume da furotin Argonaute, wasu cikin ƙunsoshi, wasu a kan ƙwayoyin kitsen jini.

Yadda ake aunawa bai da nisa da sauran gwaje-gwajen zamani. A ɗebi jini a kwalba, a juya shi a inji har ƙwayoyin su kwanta, a tsame ruwan da ke sama mai launin ɗorawa-ɗorawa. A ciro RNA, a mayar da shi DNA, a ninninka shi da na'urar PCR, yawan zagayen da aka yi kafin a hango shi ya nuna yawansa. Don a san ko wani abu ya salwanta a hanya, ana ɗiga wa samfurin wani sanannen adadi na cel-miR-39, maikro-RNA na tsutsar nan wanda babu shi a jikin mutum.

Gaɓa bayan gaɓa

A hanji, rahoton da ya fi jan hankali ya fito daga Hong Kong a 2009, inda Enders Ng da Joseph Sung suka auna miR-92 a ruwan jinin majinyata 90 da masu lafiya 50. Gwajin ya kama kashi 89 cikin ɗari na masu cutar, ya kuma wanke kashi 70 cikin ɗari na masu lafiya. A 2010 masu bincike a Sin suka ƙara miR-29a, suka ce ana ganin canjin tun a matakin manyan tsiro. Wasu kuma suka juya ga bahaya, tunda bangon hanji kullum yana zubar da ƙwayoyinsa a ciki, suka sami miR-21 da miR-92a a can ma.

Hanta tana da nata na musamman. Kusan kashi 70 cikin ɗari na maikro-RNA ɗin da ke cikinta miR-122 ne, kuma yana raguwa a naman dajin hanta. A 2012 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa ɓeran da aka cire masa shi yakan yi kitsen hanta, da kumburi, daga ƙarshe daji. Amma a jini yana hawa duk lokacin da hanta ta ji rauni, ko daga ƙwayar cuta ko daga magani, saboda haka shi kaɗai ba ya isa shaida. Wannan ya sa aka koma ga haɗa da yawa. A 2011 likitocin asibitin Zhongshan na jami'ar Fudan a Shanghai, ƙarƙashin Jia Fan da Jian Zhou, suka gwada jerin guda bakwai a mutum 934, suka bambance masu dajin hanta da masu ciwon hanta nau'in B da masu taurin hanta. A 2017 hukumar magunguna ta Sin ta amince da kayan gwajin da aka gina a kan wannan jeri.

A tumbi, Singafo ce ta yi nisa. Ƙasashen Japan da Koriya ta Kudu, inda cutar ta yi yawa, suna leƙa cikin jama'a da na'ura a matsayin shirin ƙasa, amma inda cutar take tsaka-tsaki kuɗin yin hakan ga kowa ya yi yawa. Likitoci ƙarƙashin Jimmy So da kamfanin MiRXES suka tace ɗaruruwan maikro-RNA har suka tsaya a kan 12, sannan suka ɗebi jinin mutum fiye da 5,000 kafin a leƙa cikinsu, domin kada sanin sakamako ya rinjayi kowa. Gwajin ya kama kashi 87 cikin ɗari na masu dajin tumbi, ya wanke kashi 68.4 na marasa shi. Hukumar lafiyar Singafo ta amince da shi a 2019 da sunan GASTROClear, a matsayin matacin da ke nuna wanda ya fi cancantar a leƙa cikinsa.

A fankiriyas, wani binciken Denmark da aka buga a 2014 ya haɗa majinyata 409, ya nuna cewa haɗa maikro-RNA da CA 19-9 yana ƙara ƙarfin gwaji, amma masu lafiyar da ake zargi bisa kuskure sun yi yawa. Japan kuma ta ƙaddamar da shirin ƙasa a 2014 ƙarƙashin Takahiro Ochiya, da burin tantance nau'in daji 13 daga jini kaɗan, har da na maƙoshi.

Cikas

Daga 2009 rahotanni suka yi ta kwarara har suka kai dubbai, amma idan aka gwama su sai a ga ba sa jituwa. Abin da wani ɗakin bincike ya ce ya hau, wani ya ce ya sauka. A 2012 Colin Pritchard da Tewari, wanda shi da kansa yana cikin waɗanda suka buɗe fagen, suka tattara maikro-RNA 79 da aka ce alamun daji ne a jini, suka tarar kashi 58 cikin ɗari suna da yawa a ƙwayoyin jinin kansu. miR-92a, wanda aka ɗora wa buri a hanji, cike yake a jajayen ƙwayoyin jini. Idan allura ta yi ƙanƙanta, ko aka ja jinin da ƙarfi, ko kwalbar ta jima kafin a juya ta, ƙwayoyin sukan fashe su zubar da abin da ke cikinsu. Ruwan da ya kamata ya fito ɗorawa sai ya ɗan yi ja-ja, wani lokaci ma ido ba ya ganewa, sakamakon kuwa ya riga ya gurɓata. Shi ya sa yanzu ake auna miR-451 don a gane samfurin da ya lalace.

Akwai sauran matsaloli. miR-21 yana hawa a daji iri-iri, da kumburi, da ciwon zuciya, don haka ba ya nuna gaɓar da matsalar take. Ba a yi ittifaƙi kan ma'aunin da za a gwada sauran da shi ba. Yawancin binciken farko sun gwama majinyata da cutarsu ta yi nisa da matasa masu ƙoshin lafiya, alhali aikin da ake so gwajin ya yi shi ne tsamo mutum ɗaya mai ƙaramin ƙari daga cikin ɗaruruwan tsaransa masu gyambon ciki da ciwon suga da hawan jini.

Lissafi ma yana da nasa hukunci. A ɗauka an gwada mutum 10,000, ɗari daga ciki suna da cutar, da gwajin da ke kama kashi 87 yana wanke kashi 68. Zai kama 87, ya kuskure 13, sannan ya aika mutum sama da 3,000 masu lafiya zuwa leƙen ciki, da fargaba da kashe kuɗi. Irin wannan gwaji yana da amfani a matsayin mataci, amma ba zai yanke hukunci ba. Wasu gwaje-gwajen dajin hanji da Amurka ta amince da su, kamar Cologuard na bahaya a 2014 da Shield na jini a 2024, a kan DNA aka gina su.

Yunƙurin mayar da maikro-RNA magani ma ya gamu da tangarɗa. A 2005 Catherine Jopling da Peter Sarnow a Stanford suka gano cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana dogara da miR-122 wajen hayayyafa. Wani kamfanin Denmark ya ƙera miravirsen don toshe shi, kuma gwajin da aka buga a 2013 ya nuna yana rage ƙwayar cutar, sai dai sababbin ƙwayoyin sha masu warkarwa sun riga shi kasuwa. MRX34, kwaikwayon miR-34a da aka fara gwadawa a masu dajin hanta a 2013, an dakatar da shi a 2016 bayan garkuwar jiki ta yi mummunan tashi har mutum huɗu suka rasu.

Inda aka tsaya

Ranar 7 ga Oktoba 2024 aka sanar cewa Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, shekara 31 bayan rahotannin da aka yi wa shiru. Matsayin maikro-RNA a ilmin halitta ya tabbata. A asibiti kuwa tafiyar ta fi jinkiri: gwaje-gwaje ƙalilan ne suka sami amincewar hukuma, galibi a gabashin Asiya, kuma manyan ƙa'idojin jinya na duniya har yanzu sun dogara ga leƙen ciki, da hoton hanta, da gwajin jini a bahaya, da tsofaffin manuniya. Bincike ya karkata ga haɗa maikro-RNA da yawa, da tsamo waɗanda ke cikin eksosom, da gwama su da DNA da furotin a gwaji guda, da kuma bin dubban mutane shekaru don a ga ko gwajin yana rage mace-mace.

Afirka ta Yamma tana da ruwa da tsaki a wannan batu. Dajin hanta na cikin waɗanda suka fi kisa a yankin, saboda ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka tun ƙuruciya, da gubar afulatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba kafin a zuba su rumbu. Yana kama mutane suna da sauran ƙarfinsu, kuma mafi yawa suna isa asibiti lokacin da tiyata ba za ta yiwu ba. Manuniyar da ke jure zafi da ajiya, wadda ake aunawa da na'urar PCR irin waɗanda suka ƙaru a yankin lokacin annobar korona, za ta yi amfani ƙwarai. Amma jerin da aka tace a jinin mutanen Shanghai ko Singafo sai an sake gwada shi a nan, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila suna fasa jajayen ƙwayoyin jini tun a cikin jiki, ga cututtuka masu kumburi da ke iya sauya ma'auni. Kafin a kai ga haka, abubuwan da aka tabbatar suna rage dajin hanta su ne allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun ranar haihuwa, wadda Najeriya ta shigar cikin jadawalin rigakafin yara a 2004, da gwada manya a ba masu bukata magani, da busar da amfanin gona sosai, da duba hantar masu ɗauke da ƙwayar cutar da hoto da AFP duk wata shida.